Ranar da Baffa Ya Yi Dillancina a Gaban Likitoci

Ba zan taɓa mantawa da ranar da baffana ya yi dillancina a gaban likitoci uku ba, ko da kuwa tsufa zai sa in manta da sunayen ƙasusuwan da na sha wuyar haddacewa. Har yanzu in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Abokan aikina sun sha jin labarin, amma kullum ina ɗan datse shi nan da can don in fito da sauran mutunci. Yau dai zan kawo shi yadda ya faru.

Shekarar da na ci bak ne, wato jarrabawar gama lise, babbar sakandare, a nan Gaya. Wata makarantar koyon likitanci ta ware 'yan gurabe na kyauta ga 'ya'yan yankinmu, ta kuma ce takarda kaɗai ba ta ishe ta ba, sai ta ga mutum ido da ido. Aka ce likitoci uku za su zo har garinmu, su zauna da mu ɗaya bayan ɗaya a wani aji na tsohuwar makarantarmu. Wannan gurbi shi ne kaɗai hanyar da ta rage mini. Mahaifina ya rasu bayan doguwar jinya, gidanmu babu mai iya ɗaukar nauyin karatun likita, kuma ƙanensa Baffa Garba, wanda riƙonmu ya koma hannunsa, ya riga ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye cewa in abin bai yiwu ba, igiya tana jirana a kasuwar bisashe.

Baffa dillalin awaki da tumaki ne. Daga Gaya zuwa Tanda, har tsallaken kogi a Malanbil ta ƙasar Benin, ba wanda bai san shi ba. Yana jin Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Fillanci, amma Faransancinsa bai wuce gaisuwa ba, ita ma ta safe yake yi ko da magariba ce. Abin da ya yi suna a kai shi ne ba ya sayar da dabba sai ya faɗi aibinta. Zai riƙe akuya ya ce wannan tana tsallake danga, wannan ba ta son ɗanta, wannan kuma tari take yi in an yi ruwa. Masu dabbobin su yi ta cizon yatsa, masu saye su yi ta dariya, amma a ƙarshe wurinsa ake komawa. A ganinsa, wanda ya gano aibu a gida shi ke dawo da kaya, wanda aka gaya wa a kasuwa kuwa ya saya da saninsa.

Kowa ya san tambayar da za a yi mana: me ya sa kake son zama likita? Wani abokina da ya yi shekara guda a jami'a a Yamai, yake kuma tafiya kamar shi ya gina ta, ya ja ni gefe ya ce manyan likitoci ba sa son ƙananan dalilai. Sai ka zuba musu manyan kalmomi, in ji shi, irin waɗanda in ka furta sai ka tsaya ka huta. Na shiga salula na kalli bidiyon masu ba da shawara har idona ya yi ja, na tsinto jimla nan, na tsinto jimla can, na ɗinke jawabi da Faransanci mai maiƙo. A cikinsa, tun ina zanin goyo nake mafarkin ceton bil'adama. A cikinsa, kukan marasa lafiya ne ke hana ni barci. A cikinsa kuma (Allah ya yafe mini) jini bai taɓa razana ni ba.

Bakin kogi nake zuwa in yi bita, can inda masunta ke ɗaure jiragensu. In tsaya in fuskanci Benin, in ɗora hannu a ƙirji, in yi ta zuba. Sai da wani tsoho mai gyaran taru ya aika wa mahaifiyata cewa a nema mini taimako tun abin bai yi nisa ba.

Sannan na koma kan shiga. Na je wurin 'yan gwanjo na zaɓo best, wato kwat, mai kauri, irin wadda aka ɗinka don ƙasar da ruwa ke daskarewa, na haɗa da karabat ja na ɗaurawa a wuya. Na kuma sayi tabarau fari na ado, don na lura duk likitan da ke cikin bidiyo yana da shi. Ƙarshen damina ne, lokacin da Gaya ke dafa mutum ko yana zaune a inuwa, amma da na dubi madubi sai na ga ai ko yau aka ba ni asibiti zan riƙe.

Da safiyar ranar na fito tsakar gida sai na tarar da Baffa zaune kan turmi, ya sha babbar rigarsa ta Juma'a, ga ƙunshin goro a ganye kan cinyarsa. Na gaishe shi, na tambaye shi ina zuwa haka da sassafe.

"Inda za ka," ya ce.

Na yi bayani iya bayani. Na ce jarrabawa ce, ba a shiga da kowa, ko 'ya'yan manya su kaɗai za su shiga. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce shi bai taɓa jin inda yaro ya je gaban manyan baƙi neman abu shi kaɗai ba, sai ka ce wanda ba shi da dangi. Na dubi mahaifiyata neman agaji, ta duƙar da kai tana ta tsince shinkafar da ta riga ta tsince. A ƙarshe muka daidaita: zai raka ni, amma zai zauna a gindin bishiyar da ke farfajiyar makaranta. Ya ce shi dai zama zai yi. (Daga baya na lura bai ce a ina zai ƙare zaman ba.)

Da aka kira sunana na shiga ina taku ɗaiɗai. Su uku ne a bayan tebur. A tsakiya wata dattijuwar likita ce mai kallon mutum ta saman tabarau, ita ce shugaba, kowa Madam yake ce mata. A damanta wani mai sanƙo, likitan fiɗa, yana ta juya alƙalami a yatsu. A hagunta wani matashi daga kudancin Benin, shi ke rubutu. Suka yi mini 'yan tambayoyi kan karatu na amsa lafiya lau, har kaina ya fara kumbura. Sai Madam ta jingina ta ce, to, me ya sa nake son zama likita?

Na miƙe tsaye. Ba wanda ya ce in miƙe. Na gyara karabat, na ɗora hannu a ƙirji, na saki jawabi.

Ban yi nisa ba na ga alamun da ban so ba. Matashin ya ajiye alƙalami. Mai sanƙo ya koma kallon rufin ɗaki. Ashe duk waɗanda suka riga ni shiga, su ma tun suna zanin goyo suke mafarkin ceton bil'adama, don bidiyo ɗaya muka kalla. Ni ban sani ba, sai na ɗauka muryata ce ba ta kai ba, na ƙara ɗaga ta. Na iso wurin jini, na buga ƙirji na ce ni jini bai taɓa razana ni ba. A nan mai sanƙo ya katse ni. Ya ce wannan bil'adama da nake ta shirin cetowa yana da yawa, in taimaka in ambaci mutum ɗaya a cikinsa.

Babu wannan a haddata. Kuma kun san halin hadda, in ta tsinke a tsakiya sai an koma farko. Haka na tsinci kaina ina sake cewa tun ina zanin goyo. Mai sanƙo ya ce ya ji wannan, mutum ɗaya yake jira. Zufa ta jiƙa best har ta fara warin tunkiya, tabarau ya yi ta zamewa kan hancina. Ina jin fanka tana ƙara a sama.

"Salamu alaikum."

Na gane muryar tun kafin in waiwaya. Ashe Baffa ya bar gindin bishiya tuntuni ya dawo jikin taga. Bai ji ko kalma ɗaya ba, amma fuska yake karantawa, kuma shi a sana'arsa in mai saye ya koma kallon sama, ciniki ya kama hanyar wargajewa.

Matashin ya yunƙura zai tare shi, Madam ta ɗaga masa hannu. Mutuniyar gabas ce, Bahaushiya, ba za ta iya korar mai furfura da ya yi sallama ba. Ta amsa. Baffa ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya shigo ya zauna kan bencin 'yan makaranta, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓa. Ya gaishe su da gajiya, da hanya, da damina, da iyali, da waɗanda suka baro a gida. Ya ajiye goro a kan tebur. Ni ina tsaye ina yi masa alama da ido, shi ko kallona bai yi ba.

"Wana ne yah haihi yaron ga," ya ce, "yanzu ni ne ubanai. Ban jin nasaranci, amma na san huskar mai saye in kaya ba su yi mai ba. Na ga yaro na ta yabon kainai, ku ko kun yi shiru. To ba haka ake ciniki ba. Ku bari in hwaɗa muku aibinai tukuna, in kun ɗauka kun ɗauka da saninku."

Mai sanƙo ya daina juya alƙalami. Matashin, wanda ba ya jin Hausa, ya tambayi abin da tsohon ke cewa. A nan Madam ta yi mini abin da har gobe ban san ko mugunta ba ce ko hikima. Ta ce ai ga ɗan takara a tsaye, shi zai fassara, dama suna son su ji Faransancinsa ba na hadda ba.

Baffa ya fara da jini, kamar wanda aka raɗa wa.

"Layyar bara anka ce shi riƙe ƙahwahun rago. Wuƙa na sauka sai munka ji tim. Rago bai gama shure-shure ba, yaro ya riga shi kwantawa. Dole munka bar rago munka koma kainai da ruwa."

Duk suka juyo suna jirana. Na ce da Faransanci wai baffana yana cewa na taɓa jin ɗan jiri a ranar Sallah. Mai sanƙo, wanda ashe Hausa ta zauna masa daram, ya girgiza kai ya ce ba haka dattijo ya faɗa ba, in fassara da amana. Haka na tsaya cikin best da karabat, ni da jini bai taɓa razanawa ba, na shaida wa likitan Benin da bakina cewa na riga rago faɗuwa. Ya ɗauki alƙalami ya rubuta.

Baffa bai tsaya nan ba. Ya ba su labarin ranar da masu rigakafin sanƙarau suka zo unguwarmu, aka neme ni sama da ƙasa, sai can aka same ni cikin rumbun maƙwabta, kuma ya jaddada cewa a lokacin gemu ya fara fito mini. Na fassara. Ya ce ina da nauyin barci, kuma ba a bar ni da tukunyar shinkafa ba tare da mai gadi ba. Na fassara. Sai ya nuna fuskata da yatsa ya ce kada tabarau ɗin nan ya tsorata su, idona lafiyarsa lau, shekaranjiya na saye shi a bakin tasha. Wannan ban ma fassara ba, matashin ya gane da kansa. Mai sanƙo ya kifa kai a kan tebur, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa na riga na ga kaina a kasuwar Tanda riƙe da igiyar bunsuru, na ma fara tunanin wace hula za ta fi tare rana.

Sai Baffa ya gyara zama, muryarsa ta sauka.

"Aibi ke nan. Saura alherinai, shi guda ne. Ubanai ya kwanta, rabin jiki ya mutu. Yaron ga shi ka juya shi, shi ka wanke shi, shi ka wanke gyambon da kwanciya tay yi mai ga baya, sahe da marece, kahin shi tai lakkwal wurin karatu da in ya dawo. Mu 'yan'uwa mukan zo mu tsaya bakin ƙohwa mu ce Allah shi sawwaƙe, mu wuce. Ni da munka sha nono guda da shi, ban iya minti biyar cikin ɗakin nan ba."

Aka jira fassara, ba ta zo ba. Madam ce ta juya ta gaya wa matashin a taƙaice, a hankali.

Gaskiya wannan ta fi ta ragon yi mini ciwo. Labarin rago na jama'a ne, unguwa duk ta sani. Wannan kuwa na cikin ɗaki ne, tsiraicin mahaifina ne, ko abokaina ban taɓa gaya wa ba. Na ji kunya, na kuma ji haushin Baffa ƙwarai.

Madam ta yi masa godiya, ta ɗauki goro ɗaya ta mayar masa da sauran, ta roƙe shi ya jira a waje. Ya tashi ba musu. Yana sa takalmi ya ce musu kaya dai ga su nan, su duba da kyau.

Da ya fita, Madam ta ce in cire best ɗin kafin in nuna musu abin da rago ya gani, in cire tabarau, in zauna. Sannan ta koma Hausa. Ta tambaye ni, da aka ce in ambaci mutum ɗaya, me ya hana ni ambaton wannan?

"Ai shi ba dalili ba ne, Madam," na ce. "Babana ne."

Mai sanƙo ya share ido, ya ce shi abu ɗaya ya ɗaure masa kai: wanda jinin rago ya kayar, ta yaya ya iya wanke gyambon kwanciya? Na ce ina wankewa ne in ɗaure, in rufe shi da zane, in zagaya bayan ɗaki in yi amai, in kurkure baki in dawo in ba shi koko. Ya tambaya ko kullum haka. Na ce da farko kullum, daga baya sai jefi-jefi.

Daga nan maganar ta ɓalle mini, ba tsari, ba manyan kalmomi. Na ce da aka sallamo mu daga asibitin da muka kai shi, an yi mana bayani da Faransanci mai gudu, an ba mu magani, amma ba wanda ya ce a riƙa juya shi. Mu kuwa muna ganin barinsa a kwance shi ne tausayi. Sai da bayansa ya ɓule wani tsohon majo, ma'aikacin jinya da ke unguwarmu, ya leƙo ya ce da ana juya shi da ba a kai haka ba. Magana ce da ba ta fi a faɗe ta a bakin ƙofa ba. Na ce abin ya tsaya mini a rai, kuma ina so in zama wanda zai riƙa faɗa wa mutane irin wannan da harshen da suke ji, tun kafin baya ya ɓule. Na ƙara da cewa ban san ko wannan ya isa dalili ba. Ba wanda ya ce ya isa. Madam ta ce za mu ji sakamako, a turo na gaba.

A hanyar gida na yi gaba na bar Baffa a baya, best a hammata, fuska a murtuke. Ya yi ta jan babbar riga yana bina. Sai da muka wuce masu gyaran kabu-kabu na juya na ce masa, cikin ladabin da ya rage mini, na rago da na rumbu na yafe, amma me ya kai shi ga maganar Baba a gaban baƙi?

Ya tsaya ya ɓare goro, ya daɗe yana taunawa. Ni ɗan fari ne, kuma mahaifina mutumin da ne mai kunyar ɗan fari. Bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa yaba mini a gabana ba. Duk tsawon jinyar nan in ina wanke shi bango yake kallo.

"Shi yas sa ni," Baffa ya ce. "Da bakinai ya ɗan saki, ya ce mini yaron ga ya yi mai abin da shi ba ya iya hwaɗa mai. Ya ce in na samu wurin hwaɗi, in hwaɗi. To yau na samu."

Na mayar da tabarau ɗin nan na banza a fuskata don kada ya ga hawayena, a nan ne kaɗai ya yi mini amfani. Muka ƙarasa gida.

Bayan 'yan makonni sakamako ya fito, sunana yana ciki. Baffa ya karɓi barka a kasuwa kamar shi ya ci jarrabawar, kuma har yau in ana lissafin manyan cinikin da ya yi, ina zuwa ne bayan wani rago da ya sayar wa wani Alhajin Kamba.

Abin da na koya shi ne, in aka tambaye ka dalilinka, ka faɗi na gaskiyar ko da kana ganin ya yi ƙanƙanta, ka kuma faɗi aibinka da bakinka tun wani bai sa ka fassara shi ba. Duk da haka ban sake sakaci ba. Duk wata ganawa ta neman aiki da na yi bayan nan, ranar da ba ita ba nake gaya wa Baffa. Wurin neman aurena ne kawai dabara ta ƙare, don dole shi zai je. Ban tambaye shi abin da ya faɗa a can ba. Na dai lura har yau surukata ba ta bari a yanka kaza in ina gidan, sai ta tabbatar ina zaune.